Moɗa Ɗaya

A ƙofar gidanmu a Madani randuna uku ne,
a inuwar darbejiya, bisa ƙafafun ƙarfe.
Kakata Ladingo ce ta girke su
shekarar da guzurin Makka ya ƙare.
Ta ce, tunda ƙafa ta tsaya a bakin Nilu,
bari in shayar da masu sauran tafiya.

Moɗar ɗaya ce, ta gwangwani,
an ɗaure ta da igiya saboda yara.
Majok magini ya sha da ita,
Attayyib direban lori ya sha,
Kuku ɗan sanda, Ohaj mai raƙuma,
ba wanda ya ɗauraye bakin wani.
Randa ba ta tambayar asali,
maƙogwaro kawai ta sani.

Yaƙin farko a rediyo muka ji shi.
Aka ce can kudu ne, can nesa,
muka ƙara wa shayi sukari.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
Mazanmu suka yi ta shafawa, suka yi ta shafawa,
ba wanda ya ɗebi moɗa guda
ya watsa wa nasa.

Na biyu a ambulan ya zo:
takarda mai hatimi, da agogon yayana Barmo.
Agogon na tafiya.
Kwana uku aka yi, aka naɗe tabarmi.
Ban tambaya ba sai da na tsufa:
wa Barmo ya harba kafin a harbe shi?
Uwar wancan, ita ma tana da randa?

Ranar da ƙasa ta zama biyu
Majok ya biyo da katifa a ka.
Shekara talatin yana ɗora bulo a garin nan,
har katangar maƙabartarmu shi ya gina.
Ya sha, ya rataye moɗar a hankali,
ya ce, Dije, ki riƙe mini inuwar nan.
Na yi masa dariya. Kaicona.

Na uku bai aiko takarda ba.
Da kansa ya zo, da takalmi, har tsakar gida.
Yaran da suka tare hanya da bindiga,
biyu a cikinsu na sani,
ni nake ɗaga su su kai bakin randa.
Ɗaya ya ce, ke wace ƙabila ce?
Shekara sittin da bakwai a unguwa ɗaya,
ranar na fara jin tambayar.

A Gadarif, a aji muka kwana wata tara,
mu arba'in, ƙarƙashin tsohuwar taswira.
Jikata Talatu ta tsinci littafin tarihi
ta karanta mini: shekara kaza aka fara,
shekara kaza aka sa hannu.
Duk sun haddace, sun ci jarrabawa.
Babu shafin da ya ce
garwashin da aka rufe da toka bai mutu ba.

Da muka dawo, randa biyu sun zama katanga,
ta uku ta tsage har gindi.
Na liƙe ta da siminti, tana ɗiga.
Moɗar na nan a igiyarta
da huji shiga, da huji fita.
Sai ka toshe da yatsa biyu kafin ka sha.

Jiya da azahar wani yaro ya tsaya,
yana ɗingishi, ba kaki, ba sallama,
idonsa a ƙasa.
Talatu ta raɗa mini, Kaka, na wane ɓangare ne?
Hannuna ya yi rawa, ba zan ɓoye ba,
Barmo ya tsaya mini a maƙoshi.
Na kama yatsunsa, na nuna masa hujin.

Ya sha uku.
Abin da ya zuba, darbejiya ta shanye.